Ranar buɗe makaranta: a tambayi mai gona

Kowace shekara, idan damina ta fara ja da baya, gidan rediyon ƙasa yakan karanta sanarwar ma'aikatar ilimi cewa ran kaza ga watan Oktoba za a buɗe makarantu. Sanarwa ɗaya ce, rana kuma ɗaya, daga Gaya har Bilma. A Yamai da cikin garin Maraɗi uwaye sukan sayi allo da alli da littattafai, yara su yi sammako, karatu ya kankama. Amma wanda ya bi hanyar Tasawa ko ta Magarya a wannan mako, ya ratse wani ƙauye da hantsi, abin da zai tarar dabam ne. Zai ga malami zaune ƙarƙashin dogon yaro da rajista bisa cinya, yara ƙalilan a gabansa, su ma ƙanana waɗanda ba su isa ɗaukar dami ba. Sauran suna gona. A takardar da za ta isa ofishin sufeto, an buɗe makaranta ranar da aka ce. A ƙauyen kuwa kowa ya san ba za a yi karatun kirki ba sai hatsi ya shiga rumbu.

An daɗe ana kiran wannan hali da sunaye iri iri. Wasu ma'aikata sukan ce jahilcin uwaye ne, wasu su ce ƙin makarantar boko ne da aka gada tun zamanin da ake kama yara a kai su lakwal da ƙarfin goge. Wannan zargi ya tsufa. Mutanen da ake cewa ba su son makaranta, su ne suke zuwa wurin sarki da wurin sufeto suna roƙon a buɗe musu ita, su ne suke ba malami masauki, su ne suke gina masa aji da hannunsu. Mutumin da ya yi wannan duka, idan ya riƙe ɗansa mako biyu ko uku a watan Oktoba, ya kamata a tambaye shi dalili kafin a yanke masa hukunci.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gero ya nuna, kuma gero ba ya jira. Idan aka bar zangarniya bisa kara, tsuntsaye sun samu, ɓeraye sun samu, wani ruwan ƙarshe da ba a zata ba ya sauko ya jiƙa abin da aka tara. Ana cikin ɗaurin damma sai ga roron wake, ana gama wannan ga cirar gyaɗa, dawa kuma tana nan tafe a baya. Gidan da yake da majiya ƙarfi biyu da gona uku ba ya da wani hannu da ya wuce na ƴaƴansa. Yaro shi ke korar tsuntsu, shi ke bin amalanke, yarinya ita ke kai abinci gona ta tsaya da ƙannenta a gida. Abincin shekara guda ne ake kwasa cikin waɗannan makonni, kuma duk wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984, ko ƙarancin cimaka na 2005, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da rumbu maras cika yake nufi.

Akwai kuma wani dalili wanda ya fi wannan ƙarfi, ga shi kuwa a fili, amma ba a cika faɗinsa ba. Dubban azuzuwa a ƙasar nan na kara ne da zana. A shekarar 2021 hukuma da kanta ta ƙiyasta yawansu ya kai kimanin 36,000. Ajin kara shekara ɗaya yake yi: damina ta ruɓar da shi, iska ta kwashe sauran, dabbobi su cinye abin da ya rage. Kafin a sake gina shi sai an samu kara, kara kuwa ba ya samuwa sai an yi girbi. Watau ranar da sanarwa ta ce a shiga aji, kayan gina ajin suna tsaye a gona da hatsi a kansu. Ko da kowane uba ya sako ɗansa ran 1 ga Oktoba, babu rumfar da za a zaunar da shi. Wannan irin aji abin baƙin ciki ne, kuma ƙasa ba ta manta gobarar da ta cinye yara kimanin 20 a wata makaranta ta Yamai a watan Afrilu na 2021 ba, da wadda ta kashe fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekara. Maganinsa na gaskiya shi ne ginin ƙasa ko na siminti. Amma kafin ginin ya game ko'ina, kalandar da ta yi kamar ba ta san da ajin kara ba tana lissafa wa yara kwanakin karatun da ba su taɓa samu ba.

Ƙarshen shekara ma haka yake. A kudancin Doso da Madarunfa da Magarya ruwan shuka yakan sauka tun ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wasu ma sun riga sun yi binne suna jiransa. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, washegari duk ƙauye yana gona, babba da yaro, domin laimar ƙasa kwana biyu ko uku take yi, wanda ya makara sai ya jira wani ruwan da ba a san ranarsa ba. Bayan shuka ga noman fari. Wannan lokaci ne kuma daidai da bitar ƙarshe da jarrabawar wucewa aji. Saboda haka shekarar da aka rubuta mata wata tara, a ƙauyuka da yawa an gutsure mata kai an gutsure mata wutsiya, manhajar kuwa tana nan yadda take, an auna ta da wata tara. Malami ya yi ta gudu don ya kai ƙarshen littafi, yaro ya wuce aji bai riƙe abin da ke ciki ba, kana a zo ana mamakin yaron da ya yi shekara 6 a makaranta ba ya iya karanta wasiƙa.

Adalci ya sa a faɗi cewa wannan kalanda, ko da yake gadon Faransa ce, ta yi dace a wuri ɗaya: babban hutu ya faɗo cikin Yuli da Agusta da Satumba, watau tsakiyar damina, lokacin noman fari da maimai. Ba don Nijar aka tsara haka ba, sa'a ce kawai aka yi. Matsalar tana bakin hutun ne, gaba da baya, kuma tana bambanta daga wuri zuwa wuri, tun da ruwan da ya sauka Gaya a Mayu ba ya isa Tanut ko arewacin Tawa sai wajen Yuli. Abin lura a nan shi ne ita Faransar da aka gaji wannan tsari daga gare ta ta daɗe da barin buɗe makaranta a Oktoba, ta koma Satumba, kuma ta raba ƙasarta shiyya 3 wajen hutun tsakiyar shekara, kowace shiyya da makonninta. Ƙasar da ba ta kai rabin Nijar faɗi ba ta ga bai zama dole kowa ya huta rana ɗaya ba.

Ba manoman gero kaɗai abin ya shafa ba. Makiyayan Abalak da Cin-Tabaradan da arewacin Dakoro nasu lissafin dabam ne: da damina suna arewa wajen gishirin Ingal, idan tafkuna suka ƙafe su koma bakin rijiyoyi, shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci kuwa tun tsakiyar rani sun gangara kudu da iyalansu, makaranta ta wayi gari babu kowa in ba mai kantin abinci ba ce. Masu albasa na Galmi da Madawa aikinsu mafi nauyi da rani yake, daga dashe har cira. Ga kuma ranar kasuwa, wadda take cinye kwana ɗaya cikin kowane mako ba tare da ta bayyana a wata takarda ba. Laraba ce a Ƙonni, Alhamis a Damagaram, Litinin da Jumma'a a Maraɗi, kowane ƙauye babba kuma da tasa. Malamin da ke aiki kusa da irin wannan kasuwa ya san rabin ƴan matan ajinsa suna can da farantin talla. A ƙauyen da kasuwarsa take ci ran Talata, makaranta tana buɗe ran Talata babu yara, tana rufe ran Lahadi yara suna zaune a gida. In Tawa ta yi sa'a kasuwarta ta faɗo ran Lahadi, sauran wurare ba su yi ba.

Zafin Afrilu da Mayu shi ma abin dubawa ne, lokacin da ma'auni yake haura 40, ajin kwano ya zama tanda da azahar. Azumi kuwa yana matsowa gaba da kwana 11 kowace shekara. A 2021 ya faɗo daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, a 2025 ya kama tun farkon Maris. Waɗannan duka abubuwa ne da aka san zuwansu tun kafin su zo.

Wani zai ce shawara da jama'a kan lokacin karatu sabon abu ne da ba a saba da shi ba. Masu karanta wannan shafi sun fi kowa sanin ba haka ba ne. Yaƙi da jahilci, wanda aka fara a ƙasar nan tun 1963, bai taɓa kiran manomi aji da damina ba. Da rani ake buɗe azuzuwan, bayan an gama kaka, kuma mutanen gari ne suke zama da malaminsu su ce maza bayan isha'i, mata bayan sun sauke tukunya. Da an ce musu su zo ƙarfe 8 na safe a watan Agusta, da babu wanda ya koyi baƙi ko wasali. Makarantar allo ma, wadda ta girmi ta boko da ɗaruruwan shekaru, ta san wannan: karatu da asuba da dare a bakin wuta, hutu Alhamis da Jumma'a, da damina kuma malam da almajiransa suna gona.

Misalin da ya fi kusa da aikin hukuma shi ne sakin gonaki. Kowace shekara bayan girbi, mahukuntan jiha da na gundumomi sukan tara sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, a duba inda kaka ta kai, a yi gardama, kana a sa ranar da dabbobi za su shiga gonaki, a sa mata hannu, a yi shela. Ranar Tawa ba lallai ta zama ta Damagaram ba, kuma babu wanda ya ce wannan ya raba kan ƙasa. In ana iya tara mutane don a sa ranar shigar shanu gona, ana iya tara su don a sa ranar shigar yara aji. Ita hukuma ma ta nuna cewa ranar Oktoba ba wahayi ba ce: a 2024, da ambaliya ta rushe azuzuwa, mutanen da gidajensu suka faɗi kuma suka fake cikin makarantu, an ɗage buɗewa daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. An yi daidai. Sai dai an ɗage wa kowa ne baki ɗaya, har da garuruwan da ruwan bai taɓa ba, domin tsarin bai san wata hanya ba in ba rana ɗaya ga kowa ba.

Wurin da za a yi shawarar ma akwai shi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa uwaye da jama'ar gari cikin masu ɗaukar nauyin makaranta. Daga baya aka kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, aka gwada zaɓen shugabanninsu ta hanyar ƙuri'ar asiri a jihar Tawa tun 2004, kana aka bazu da su ko'ina cikin ƙasa. Waɗannan kwamitoci sun gina azuzuwa, sun sayi tabarmi da alli, a wurare da yawa sun shirya karatun dare da na ƙarin sa'o'i da fitilar da suka saya da kuɗinsu. An tambaye su kara, an tambaye su gudummawa, an tambaye su masaukin malami. Abu ɗaya da ba a tambaye su ba shi ne lokaci, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya kamata a yi bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ma'aikata ta riƙe abu biyu a hannunta, kada ta saki ko ɗaya: yawan kwanaki da sa'o'in da kowane yaro zai yi a gaban malami cikin shekara, da ranar jarrabawar ƙasa. Abin da ke tsakanin waɗannan biyu a bar wa kowane yankin sufeto ya tsara tare da jama'arsa, cikin iyakar da aka yanka, a ce mako uku ko huɗu. Yankin da girbinsa yake kai wa ƙarshen Oktoba ya buɗe a makare, ya biya bashin daga hutun Disamba da na ƙarshen Maris, waɗanda a ƙauye suke faɗowa lokacin da babu aikin gona kuma yara suna zaune. Inda kasuwa take ci tsakiyar mako, a mai da ranar hutu can, a yi karatu ran Asabar. Idan zafi ya tsananta, a shiga aji da sassafe a tashi kafin azahar. Makarantar makiyaya kuwa a bar ta ta tattara karatunta cikin watannin da iyalai suke zaune bakin rijiya. Sufeto ya rubuta abin da aka amince, ya lissafa kwanakin ya ga sun cika, ya aika sama a sa hannu.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Ta fari ita ce ta malamai. Malamin da iyalinsa suke Yamai ko Doso, aka tura shi wani ƙauye na Tanut, hutun Disamba ne kaɗai damarsa ta ganin gida kafin damina. Idan aka rage masa shi, an ɗora masa nauyin gyaran da ba shi ya ɓata ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba za a yi taron ba tare da wakilan malamai ba, kuma shi ya sa tsarin ya zama na yanki guda, kada kowace makaranta ta yi nata, don malamai su san hutunsu tun farkon shekara su shirya tafiya. Kwanakin aikinsu ba su ƙaru ba ko ɗaya. Malami mai kishin aikinsa ya fi son ya koyar da cikakken aji a Disamba bisa ya zauna gadin benci a Oktoba.

Suka ta biyu ta fi tsanani. Ana cewa idan aka buɗe wannan ƙofa, kowane mai son riƙe ɗansa a gona ko ɗiyarsa a gindin turmi ya samu hujja. Bana a ce girbi, baɗi a ce sussuka, har makaranta ta zama abin da ake zuwa in babu wani aiki. Tsoron yana bisa hanya, musamman game da ƴan mata, waɗanda aikinsu ba ya da kaka ba ya da rani. Amsarsa tana cikin sharaɗin da aka ambata: jama'a suna da ikon matsar da kwana, ba su da ikon rage kwana. Kuma alkawarin yana ɗaure ɓangare biyu. Garin da aka tambaya, ya zaɓi ranarsa da bakinsa a gaban maigari da liman, ya ɗauki nauyin kammala rumfuna kafin ranar da kawo kowane yaro a ranar, mace da namiji. Yau uban da ya riƙe ɗansa yana saɓa wa wata sanarwa ce da ya ji a rediyo, wadda duk ƙauyen yake saɓa mata tare da shi, babu mai jin kunyar wani. Gobe maganar da ya yi da kansa a dandali zai saɓa, kuma maƙwabtansa za su tuna masa.

Sai dai a kula da wanda zai yi magana a taron. An san yadda irin wannan zama yake kasancewa: manyan gari a gaba bisa kujeru, mai gona babba ya faɗi abin da ya dace da gonarsa, mata suna can baya ba a ji muryarsu ba, makiyayin da ke zaune bayan gari ba a ma aika masa ba. Kalandar da ta fito daga irin wannan zama ta mutum biyar ce. Ƙungiyoyin uwaye mata na makarantu suna nan a ƙauyuka da yawa, kuma su ne suka san ƙarfe nawa yarinya take dawowa daga rijiya, da ranar da ba za ta iya barin ƙannenta ba. A ji su a zamansu na dabam kafin babban taro, a rubuta abin da suka ce. Abin da aka yanke kuma a rubuta shi da harshen da mutanen wurin suke ji, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, a manna a ƙofar makaranta da ƙofar maigari. Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci suna nan a kowane gari, su za su karanta wa sauran, su kuma riƙe lissafin kwanakin da aka yi karatu da waɗanda ba a yi ba.

Wannan lissafi zai taɓa hukuma ita ma, kuma wataƙila shi ya sa wasu ba su ɗokin a fara. Ba girbi kaɗai ke cin kwanakin yara ba. Takardar tura malami wurin aiki da ba ta fito ba sai bayan an buɗe makaranta, littattafai da alli da suke isa ƙauye a makare, malamin kwantaragi da yake barin aji kwana da kwanaki ƙarshen wata don ya je birni karɓar haƙƙinsa, yajin aiki da taron horo da ake sa wa a tsakiyar zango: duk waɗannan kwanaki ne da uwaye ba su da hannu a cikinsu. Garin da ya cika nasa alkawari, ya gina rumfa, ya kawo yara ranar da ya ce, yana da bakin tambayar ina malami.

Ba dole a fara da ƙasa duka ba. A 1973 an gwada koyarwa da Hausa a makaranta ɗaya ta Damagaram kafin a kai ta wasu wurare da wasu harsuna. Haka za a iya ɗaukar yankuna kaɗan masu hali dabam dabam, ɗaya na gero kamar Tasawa ko Magarya, ɗaya na lambu kamar Madawa, ɗaya na makiyaya kamar Abalak, a yi shekara biyu ana ƙirga yaran da suke cikin aji kowace safiya, a gwada da maƙwabtansu da suka bi tsohuwar rana. Lokacin taron kuwa shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya sauka mutane su watse gonaki, sa'ad da malamai suke nan kuma ƴan cin rani sun fara dawowa gida. A farkon Satumba, idan gero ya fid da kai aka ga yadda damina ta kasance, sufeto da wakilan kwamitoci su sake ɗan zama su tabbatar da ranar ko su matsar da ita da mako guda.